Akwatin da Sufeto Ya Zaɓa

Tun ranar da Injiniya ta cika takardar neman shaidar inganci, yayanta ya daina kiranta da sunan gida. A da Auta yake ce mata, ko a gaban ma'aikata. Yanzu kuwa sai "Injiniya", kuma yakan ja kalmar a bakinsa kamar mai tauna abu mai tsami.

Masana'antar ta mahaifinsu ce. Doguwar rumfar kwano ce a bayan layin masu sayar da ƙarafa, inda ake ƙera akwatunan iska na manyan gine-gine. Kowane akwati ya kai girman ƙaramin shago. A cikinsa akwai fanka mai jawo iskar waje, da jerin matatai masu tace ƙura da ƙwayoyin cuta, da bututai masu sanyaya iskar kafin a tura ta cikin ɗakuna. A gefensa kuma ƙofofi ne, inda mai gyara zai buɗe ya shiga. Da tsohon ya rasu sai aikin ya rabu biyu ba tare da kowa ya raba shi ba. Ofis da zane suka zama na Auta, wadda ta yi karatun injiniya. Filin aiki ya zama na yayanta, wanda tun yana ɗan shekara goma sha huɗu hannunsa yake cikin baƙin mai. Guduma ma'aikata suke ce masa, a gaban idonsa da bayan idonsa, kuma sunan yana yi masa daɗi.

Wani sabon asibiti ne ya jawo maganar. Suna son akwati goma sha ɗaya, biyu daga ciki na ɗakunan tiyata, amma sun ce ba za su karɓi ko ɗaya ba sai mai ɗauke da hatimin hukumar gwaji.

"Shekara talatin da ɗoriya Baba yana ƙera akwatin nan," in ji Guduma. A bakin ƙofar ofis ya tsaya, don ya rantse ba zai zauna a kujerar baƙi a ofishin ubansa ba. "Wa kika ji ya shaƙe ya mutu? Yau kuma wani ƙato zai ɗauko jaka ya zo ya koya mini ɗaure noti?"

"Ba koya maka zai yi ba, Yaya. Aunawa kawai zai yi."

"Ya je ya auna gidansu."

"To asibitin fa? Mu bar musu aikinsu?"

"Ni na ce ki bari? Ke dai kin samu hanyar da za ki nuna wa duniya takarda ta fi hannu."

Ya juya ya tafi, ya bar ƙofar a buɗe, ƙarar injin yankan ƙarfe ta cika mata ofis.

Amma duk da bakin nan nasa, washegari sai ya jawo akwati ɗaya tsakiyar rumfa ya duƙufa a kansa. Mako biyu cur yana abu ɗaya. Ya bi kowace gaɓa ya cika ta da gam, ya ninka robar bakin ƙofofi, ya goge fentin har mutum yana ganin haƙoransa a ciki. Baba Walda, dattijon da ya fara aiki tare da mahaifinsu, shi ya laƙa wa akwatin suna Amarya. Kullum da safe sai ya je gabanta ya ɗan rusuna ya ce, "Ranki ya daɗe, an tashi lafiya?" Ma'aikata su kwashe da dariya.

Injiniya ta ga abin da ake yi. Sau ɗaya ta yi magana.

"Yaya, a shafi na uku sun rubuta cewa su za su zaɓa da kansu."

"Baƙo ne," in ji shi. "Inda na tsaya nan zai tsaya."

Ba ta ƙara ba. In za ta faɗi gaskiya, ita ma a ƙasan ranta tana fata baƙon ya tsaya a nan ɗin.

Ran Talata da hantsi Sufeton hukumar gwaji ya iso. Ba ƙato ba ne. Ɗan gajeren mutum ne siriri, kansa ya yi fari fat, ya rataya tabarau a wuya da igiya. Aka ba shi kujera ya ƙi. Aka kawo masa ruwan sanyi ya ce ba ya shan ruwan inda yake dubawa. Abu ɗaya ya nema, jerin duk akwatunan da aka gama, da lambobinsu.

Guduma ya shige gaba yana washe baki, ya kai shi gaban Amarya.

"Ga shi nan, Malam. Mun shirya maka, don kada ka wahala."

Sufeto ya zagaya akwatin sau ɗaya. Ya sa farce ya danna gam ɗin wata gaɓa, farcen ya nutse, don bai gama bushewa ba. Ya sunsuna yatsan.

"Wannan ta sha kwalliya."

"Ai haka muke yin duka."

"To madalla. In haka kuke yin duka, kowanne na ɗauka daidai ne ke nan."

Murmushin Guduma ya mutu a fuskarsa. Sufeto ya wuce shi, ya bi ta tsakanin tebura har ƙarshen rumfa, bayan tulunan gas, inda wasu akwatuna huɗu suke jiran masu su. Ya nuna na uku, wanda ƙura ta lulluɓe, har da sawun kyanwa a samansa. Ya karanta ɗan farantin ƙarfen da aka buga a jikinsa, lamba arba'in da bakwai, ya rubuta. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa kamar wanda wani abu ya faɗi masa, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Jibi mota za ta zo ta kai shi ɗakin gwaji. Kada a taɓa shi. Ko ƙurar kada a share."

"Ka zo dubawa ne ko ka zo neman faɗa?" in ji Guduma.

"Duk wanda na samu," in ji Sufeto, ya tafi.

Ran Laraba Injiniya ta wuni a wurin ginin asibitin, sai bayan azahar ta dawo. Tana shiga ta ji rumfar ta yi tsit, irin shirun da yara kan yi in sun fasa abu. Tsakiyar rumfa wayam, babu Amarya. Ta wuce baya. A wurin da na arba'in da bakwai yake jiya, ga akwati nan an barbaɗa masa ƙura, har an zana masa sawun kyanwa da yatsa. Lambar jikinsa arba'in da bakwai. Amma ƙusoshi huɗun da suka riƙe farantin sababbi ne fil, suna walƙiya.

Ta dubi Baba Walda. Dattijon ya sauke gilashin waldarsa ya rufe fuska, alhali ko wuta bai kunna ba.

Ta samu yayanta a ɗakin ajiyar kaya, ta rufe ƙofar.

"Wa ya cire lambar?"

"Wace lamba?"

"Yaya, kada ka mai da ni yarinya."

"To ni ne. Da hannuna. Sai me?"

"Ka mayar."

"Ba zan mayar ba. Ke kika gayyato mana masifar nan, ni kuma nake fitar da mu."

"Wannan ha'inci ne."

Ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. "Ki iya bakinki. Ni na riƙa ɗaukar ki a kafaɗa ina kai ki makaranta, majina tana zuba mini a ka. Yau ni ne maha'inci?"

"A kan mutumin da aka yanka wa ciki iskar nan za ta sauka."

"Na asibitin ai ni zan ƙera, kuma irin Amarya zan yi su ɗaya bayan ɗaya. To wa aka cuta?"

Ta buɗe ƙofar ta fita. Ta koma ofis ta zauna ta zura wa takardar ido. A ƙasan shafi na biyar akwai layin da ya ce akwatin da aka gwada daidai yake da duk wanda masana'antar take sayarwa, kuma sa hannunta ne a ƙarƙashinsa, ba na Guduma ba. Ta ɗauki waya ta nemo lambar Sufeto, ta ajiye. Ta sake ɗauka, ta sake ajiyewa. Haka aka tashi aiki ba ta kira ba.

Ran Alhamis motar ɗaukar kaya ta shigo da baya har bakin rumfa. Guduma da kansa ya ɗaura wa Amarya sarƙa, yana ta ba da umarni da ƙarfi. Sufeto yana gefe, hannuwansa a baya, yana kallo. Sarƙa ta miƙe, akwatin ya rabu da ƙasa kamar taƙi ɗaya.

Injiniya ta matso gaba. Ta ji muryarta ta fito siririya, kamar ba tata ba.

"Sufeto, dakata. Ba wannan ka zaɓa ba."

Direba ya tsayar da injin. Akwatin ya tsaya yana lilo a iska. Ba wanda ya motsa, sai sifanar da ke hannun Guduma da ta faɗi ƙasa ta yi ƙara.

"Na sani," in ji Sufeto.

Ya ciro waya ya nuna mata hoto. Ƙarƙashin akwati ne, da ɗan jan layin da ya ja a jikin ƙarfe ranar da ya durƙusa ya leƙa, wanda babu shi a jikin Amarya.

"Jira nake a ɗora shi. Da gindinsa ya taɓa bayan motar nan, da shekara uku ba ku ƙara jin muryar hukumarmu ba."

Ta yi tsammanin fuskarsa za ta ɗan saki. Ko kaɗan.

"Duk da haka sai na rubuta. Kuma kada ki ɗauka kin yi mini wani alheri. Tun jiya kika sani, ko ba haka ba? Wayata a kunne take tun jiya."

Aka sauke Amarya. Aka yaye tampol ɗin da aka rufe na gaskiyar da shi a bayan rumfa, aka mayar masa da lambarsa, aka ɗora. Da motar ta fita, Guduma ya zo ya tsaya dab da ita, har tana jin warin mai a rigarsa.

"Kin kyauta, Injiniya," ya ce ƙasa-ƙasa. "A gaban yarana."

Bayan kwana tara aka kira su su je su shaida gwajin. Kowa ya tafi a motarsa. Ɗakin gwajin babba ne, mai sanyi, an shafe daɓensa da fenti ruwan toka, an ja layi rawaya inda baƙi za su tsaya. Suka tsaya a bayan layin, da tazarar mutum uku a tsakaninsu. Ma'aikatan wurin suka toshe bakunan akwatin da alluna, suka jona masa wani ƙaton tiyo, suka fara hura masa iska. Sufeto ya nuna musu agogon awo, ya ce in akwatin ba ya yoyo, ga inda allurar za ta tsaya. Allura ta tashi, ta zo wurin, ta wuce shi ko waiwaye babu. Ba ta tsaya ba sai da ta ninka shi uku.

"Agogonku ya lalace," in ji Guduma.

Sufeto ya juya. Ya yi wa ma'aikacinsa alama da hannu, aka cika akwatin da farin hayaƙi, aka sake hurawa.

Injiniya ta kafa wa layukan walda ido, don a ranta ta riga ta yanke cewa daga nan ne. Ko zare ɗaya na hayaƙi bai fito ba. Daga ƙofofi ya fito. Kowace ƙofa ta ɗan turo ciki a tsakiyarta, hayaƙi yana kwarara ta gefen kamar labule. Wadda ta fi duka ita ce ƙofar da ke bayan matatai.

"Inda hayaƙi ya fita, nan ƙura za ta shiga in fanka tana ja," in ji Sufeto. "Wannan kuwa bayan matatai take. Duk abin da ya shiga ta nan ba mai tace shi. Wa ya zana ƙofar nan?"

Injiniya ta ɗaga hannu. "Ni ce."

"Wa ya yi waldar?"

"Yarana," in ji Guduma.

"Waldar ba ta da aibi." Ya faɗi haka ne kamar mai faɗin ƙarfe nawa, ya ci gaba da rubutu.

Shekara biyu ke nan da ta sauya ƙofar. Ta mahaifinsu mai sakata huɗu ce, nauyi gare ta kamar ƙofar kurkuku, masu gyara kullum suna ƙorafi. Ta zana sabuwa mai sakata biyu, mara nauyi, kyakkyawa, wadda ake buɗewa da hannu ɗaya. Ranar da ta kawo zanen filin aiki, Guduma ya duba ya ce cikinta zai turo. Ita kuma, a gaban ma'aikata goma sha biyu, ta ce masa, "Yaya, lissafi ba da guduma ake yin sa ba." Aka yi dariya. Ya naɗe zanen ya ƙera mata abin da ta zana, bai ƙara cewa uffan ba.

Sai a wajen ajiye motoci suka yi magana, rana tana dukan su.

"Ka sani," ta ce. "Shi ya sa ka ninka wa Amarya roba."

"Na gaya miki."

"Sau ɗaya!"

"Sau ɗaya ɗin kika wanke ni tas a gaban yarana. In sake kawo miki fuskata?"

"Shekara biyu, Yaya! Kana kallo ana fita da su!"

"Ina kallo. Ke ce mai lissafi." Ya buɗe motarsa. "Kuma kada ki ɗauka don ke na sauya lambar. Don sunan Baba na yi."

Labari ya riga su isa wajen mahaifiyarsu, Umma, don matar Guduma ba ta iya kwana da magana. Ran Asabar da safe tsohuwar ta aika a kira su. Suka same ta a falonta, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan ɗan benci, kwalin magungunanta a kan keken ɗinkin da ta daina amfani da shi, fanka tana juyawa tana kaɗa kalandar bango. Ta nuna musu doguwar kujera. Kowa ya nemi ƙarshe ɗaya ya maƙale.

"Auta," in ji Umma, "yayanki ne. Ko sata kika kama shi yana yi, a ɗaki za ki gaya masa, ba a gaban direban mota ba."

"A ɗaki na fara gaya masa, Umma."

"Rufe mini baki." Ta juya. "Kai kuma, babban banza. Shekara biyu kana kallon ƙanwarka tana tafiya za ta faɗa rami, ka yi gum, wai don ta taɓa yi maka rashin kunya? Furfura ta fara fito maka kana gaba da yarinyar da ka yi wa wanka?"

"Umma, ba ki ji abin da ta…"

"Na ji. Har wanda ba a faɗa ba na ji. Da ubanku yana raye da ya haɗa kawunanku ya gwara, ya huta."

Injiniya ta buɗe jakarta ta ciro takarda mai shafi biyu. Tun jiya ta buga ta.

"Akwati sittin da ɗaya suka fita da ƙofar nan," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba. "Otel-otel, bankuna, makarantu biyu, da wani ƙaramin asibitin haihuwa. Dole a bi su a sauya."

"Wa ya tambaye ki?" in ji Guduma. "Sufeton ma bai ce ba."

"Ba sai ya ce ba."

"To wadda ta zana ita za ta hau rufin gine-ginen, inda aka girke su. Ni ba inda zan je in ce wa mutane na sayar musu da rariya."

"Zan hau. Kai dai ka ƙera mini ƙofar."

Umma ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza kai. "Ku tashi ku ba ni wuri. Ko gaisuwa ba ku yi wa juna ba, ina kallonku."

Cikin kwana uku ya ƙera sabuwar ƙofa, bai tambaye ta komai ba. Sakata huɗu, da ƙarfe a gicciye ta ciki, da roba mai kauri. Amma dokar hukuma ta ce kowane sashe sai da zanensa, kuma zanen ya yi daidai da abin da aka ƙera. Saboda haka Injiniya ta ɗauko tef da littafi, ta tsuguna a daɓen rumfa gaban ƙofar yayanta tana aunawa, shi kuma yana tsaye a kanta ya harɗe hannu.

"Ki auna da kyau," ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Lissafi ne."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ta cije leɓe ta ci gaba. Da ta zo kusurwa sai ta ga an yanka robar gida huɗu an haɗa, kuma ta san daga mahaɗar nan za ta buɗe in ta kwana biyu.

"Robar nan guda ɗaya ya kamata ta zagaye," ta ce.

"Ki yi abin da ya kawo ki."

Washegari ta tarar an sauya robar, guda ɗaya ta zagaye. Baba Walda ya raɗa mata cewa Guduma ya ce shi ya yi tunanin abin a hanyarsa ta zuwa. Ta ɗauko tef ta sake aunawa.

Daga nan ta shiga hawan rufi, ita da Baba Walda da ma'aikata biyu. Ba inda aka yi murna da ganinsu. Manajan wani otel ya shanya ta awa uku a bakin ofishinsa, sannan ya fito ya ce, "Wato shekara biyu ƙura kuke shaƙa wa baƙina?" A wani banki masu gadi suka raka su har bakin titi, sai da ta koma sau uku aka bar su suka hau. A asibitin haihuwar kuwa, babbar nas ɗin ba ta ɗaga murya ba. Ta saurari bayanin har ƙarshe, ta ɗauko farin ƙyalle, ta ja kujera ta hau, ta goge bakin iskar da ke saman gadajen jarirai. Ta sauko ta miƙa wa Injiniya ƙyallen, ya yi baƙi ƙirin.

"Kullum sai na yi wa masu shara faɗa a kan wannan," ta ce. "Har ɗaya na kora."

Injiniya ta karɓi ƙyallen ta rasa inda za ta sa shi. Ranar ita da kanta ta ɗaure sakatun, har fatar yatsanta ta saɓule.

Sabon asibitin bai jira su ba. Ya ba wa wani kamfani akwatunan tiyata biyun, ya ce sauran taran sai in hatimi ya fito. Guduma ya ji labarin ya ce, "A gaishe da takarda," ya ci gaba da aikinsa. Sun koma ba sa magana sai ta bakin Baba Walda. "Baba, ka ce wa Injiniya robar ta ƙare." "Baba, ka ce masa tana hanya." Dattijon ya ce shi da aka ɗauka walda, ga shi a tsufansa ya zama gidan waya.

Wata huɗu bayan haka Sufeto ya faɗo musu ba sanarwa. Ya ƙi kujera, ya ƙi ruwa, ya wuce baya ya zaɓi akwati. Wannan karon a gabansa aka ɗora shi a mota. Guduma ya ce ko da igiya ba za a ja shi ɗakin gwajin nan ba, ita kuma ranar gwajin tana da alkawarin hawa rufin wata makaranta, sai suka sa hannu a yi ba su.

Tana saman rufin wayar ta shigo. Rana ta take, kwanon rufin yana ƙona ta ta cikin takalmi, Baba Walda yana riƙe da sabuwar ƙofa tana daidaita ta. Ta goge hannu a jikin rigar aiki ta ɗauka.

"Akwatinku ya wuce gwaji," in ji Sufeto, ko sallama babu. "Mataki na biyu. Ya isa ɗakunan kwanciya, bai isa tiyata ba. Har yanzu bangon gefe yana ɗan lanƙwasa."

"Na gode, Sufeto."

"Ba ni za ki gode wa ba, ni ban ƙara muku ko ɗigo ba. Baɗi zan dawo, kuma ba zan faɗi rana ba. Abin da kuka yi da lamba yana nan cikin fayil ɗinku."

Ya kashe. Ta tsaya da wayar a hannu. Baba Walda ya ɗaga gira yana tambaya, ta gyaɗa masa kai, dattijon ya yi hamdala ya ce to a taimaka a karɓi ƙofar nan kafin hannunsa ya guntule.

Ta ɗan matsa gefe, cikin inuwar tankin ruwa, ta kira yayanta. Sai da kiran ya kusa tsinkewa ya ɗauka. Tana jin ƙarar injin yanka a bayansa.

"Yaya, akwatin ya wuce."

"Mataki na nawa?"

"Na biyu."

"Na biyu." Ya yi tsaki. "Me ya hana na ɗaya?"

"Bangon gefe. Wai yana lanƙwasa."

"Wa ya zana bangon?"

Su duka biyun sun san mahaifinsu ne ya zana shi, tun kafin a haife ta.

"Akwati nawa suka rage miki?" ya ce daga baya.

"Ashirin da uku."

"To me kike tsaye kina yi da waya?"

Ya kashe. Ta sa wayar a aljihu, ta koma cikin rana ta karɓi ƙofar daga hannun Baba Walda.